Wayar Dala 10,000 da Wayar Dala 3: Tarihin Gardamar Kebul ɗin Sauti



A farkon shekarar 2015 kafafen labaran fasaha sun yi ta yayata wata waya, wato kebul, da kamfanin AudioQuest na Amurka yake sayarwa. Wayar netwok ce, irin wadda muke gani an soka a bayan kwamfuta a banki ko a shagon kafe. Tsawonta mita 12, kuɗinta kuwa ya kai dala 10,000. Silin da ke cikinta na azurfa ne zalla, kuma an zana kibiya a jikinta domin mai saye ya san bakin da zai fuskanci ma'ajiyar waƙoƙi da wanda zai fuskanci na'urar kiɗa. Masu ita suka ce idan aka saka ta sauti zai fi fita tas. A kasuwa ɗaya kuma ana samun wata wayar mai irin wannan kai, mai shiga irin wannan rami, a kan dala biyu ko uku.

Dariya ita ce ta fi sauƙi. Amma masu sayen irin waɗannan wayoyi ba wawaye ba ne. Akwai likitoci a cikinsu, akwai injiniyoyi da makaɗa, kuma maganar da suke riƙe da ita tana da asali, domin an yi zamanin da ingancin waya shi ne komai. Abin da za mu bi diddiginsa yau shi ne yadda aikin tsare saƙo ya tashi daga kan ƙarfen waya ya koma cikin na'urorin da ke bakinta biyu, da yadda kasuwa ta yi kamar ba ta ji labarin wannan ƙaura ba.

Mu fara daga 1858. A watan Agustan shekarar aka gama shimfiɗa wayar tangaraho ta farko a ƙarƙashin tekun Atlantika, daga tsibirin Valentia na ƙasar Ailan zuwa Newfoundland da ke cikin Kanada a yau, tafiyar sama da kilomita 3,000. Aka yi ta shagali a ɓangarorin biyu. Sarauniya Victoria ta aika wa shugaban Amurka James Buchanan gaisuwa mai kalma 98, amma sai da saƙon ya ɗauki kusan awa 16 kafin ya gama isa. Duk bugun lantarkin da aka aika daga wannan gaɓa, kafin ya kai waccan ya baje, ya yi jela, ya hau kan wanda ke biye da shi, kamar an yi rubutu da tawada a kan takarda mai laima.

Mutum biyu suka yi jayayya a kan maganin abin. Ɗaya shi ne Wildman Whitehouse, likitan tiyata da ya koma harkar lantarki, kuma shi ne babban ma'aikacin lantarki na kamfanin. Ɗayan kuma William Thomson, malami a jami'ar Glasgow, wanda daga baya duniya ta san shi da Lord Kelvin. Thomson ya yi lissafi ya nuna cewa idan aka ninka tsawon waya sau biyu, jinkirin saƙo ninkawa yake yi sau huɗu, saboda haka sai an ƙara wa jan ƙarfen kauri, an ƙara wa rigarsa kauri. Ya kuma auna jan ƙarfen da masana'antu daban-daban suke kawowa, ya tarar wani ya fi wani ɗaukar lantarki nesa ba kusa ba, alhali a ido duk ɗaya suke. Whitehouse bai ɗauki lissafin da muhimmanci ba. Da ya ga saƙo yana jan ƙafa sai ya ɗura wa wayar wuta mai ƙarfin volt wajen 2,000. Rigar, wadda da ma ba ta da lafiya, ta ƙarasa lalacewa. Cikin mako uku waya ta mutu murus, da dukiyar jama'a a ƙasan teku. Sai a 1866 jirgin ruwan Great Eastern ya shimfiɗa wata mai kauri, da jan ƙarfen da aka auna, irin yadda Thomson ya nema, ita ce ta yi aiki.

Ke nan maganar tsarkin jan ƙarfe ba 'yan talla ne suka ƙago ta ba. Ta taɓa zama gaskiya mai tsada.

Bayan wannan sai Oliver Heaviside, wani Bature ɗan Ingila da ya koya wa kansa lissafi a ɗaki, ya tsara ƙa'idojin tafiyar saƙo a cikin waya. Abubuwan da ya nuna suna juya lamarin kaɗan ne: turjiyar da ƙarfen yake yi wa lantarki, da cajin da waya take riƙewa tsakanin silinta biyu, da maganaɗisun da take tayarwa a kewayenta. Kowanne ana auna shi da na'ura, kowanne kuma tsawon waya ne yake ƙara masa tasiri. A 1881 kuma Alexander Graham Bell ya yi rajistar dabarar murɗe sili biyu kamar tufkar igiya, ta yadda duk hayaniyar lantarkin da ta faɗa wa ɗaya za ta faɗa wa ɗayan daidai wa daida, a ƙarshen layi a cire ta. Mu riƙe wannan tufka, za ta dawo.

To, yaya lissafin yake a falon gida? Wayar da masu wayarin suke kira 1.5, wadda ake ja wa fitilu, turjiyarta wajen om 12 ce a kowace kilomita. Lasifikar gida yawanci om 8 ce. Idan tsakanin amfilifaya da lasifika mita 3 ne, zuwa da dawowa mita 6, turjiyar wayar wajen om 0.07 ce, ƙasa da kashi 1 cikin 100 na ta lasifikar. Azurfa ta fi jan ƙarfe ɗaukar lantarki da kimanin kashi 6 cikin 100, wato wanda ya sayi ta azurfa ya rage kashi 6 cikin 100 na wannan ɗan abin da bai kai kashi ɗaya ba. Amma a ɗauki siririyar waya mai kaurin 0.2 a ja ta mita 30, turjiyarta za ta kai om 5, sama da sulusin ƙarfin amfilifaya zai ƙare a ɗumama waya. Wannan kowa zai ji shi, ko kunnensa ɗaya.

Shi ya sa har zuwa farkon shekarun 1970 masu kayan kiɗa na alfarma a Turai da Amurka wayar fitila suke saye su haɗa lasifikunsu, ba wanda ya damu. A tsakiyar shekarun ne wani marubucin mujallar sauti a Faransa, Jean Hiraga, ya fara rubuta cewa wayoyi suna da murya tasu da kunne ke bambancewa. Kamfanin Polk na Amurka ya shigo da wata saƙaƙƙiyar waya daga Japan mai suna Cobra. Ita kam lalle tana sauya sauti, don cajin da take riƙewa ya yi yawan da wasu amfilifayoyi suke rikicewa, wasu ma su ƙone. Sai kuma 1979, shekarar da Noel Lee, injiniya kuma makaɗin ganga, ya fara haɗa wata waya mai kauri a garejinsa a yankin San Faransisko, ya raɗa mata suna Monster Cable. Ya riƙa bin shaguna ɗaya bayan ɗaya yana kunna kiɗa da siririyar waya, ya sauya da tasa, ya ce a saurara. Ray Kimber ya kafa nasa kamfanin a wannan shekara, William Low ya kafa AudioQuest a 1980.

Masu shaguna sun karɓi abin hannu bibbiyu, kuma ba sai an yi dogon bincike kan dalili ba. Gasa ta cinye ribar da ke kan amfilifaya da talabijin, ribar waya kuwa tana nan da kitsenta. Mutumin da ya gama biyan dala dubu biyu a kan lasifika, ba wuya a shawo kansa ya ƙara ɗari biyu don kada kayan su yi asara. Mu ma ai mun san karin maganar da ake faɗa wa mai saye idan ya fara taya kaya: araha ba ta ado.

Injiniyoyi suka ce a gwada da ido a rufe. A 1982 David Clark ya bayyana tsarin gwajin da ake kira ABX: a kunna maka na farko, a kunna maka na biyu, sannan a kunna wani da ba ka sani ba, ka faɗi wanne ne, a maimaita sau da yawa don a raba sani da sa'a. A 1983 mujallar Stereo Review ta gwada Monster da wayar fitila mai matsakaicin kauri da wata siririya. Siririyar an gane ta. Amma tsakanin Monster da wayar fitilar, da aka kunna waƙa, masu sauraro sun kasa bambancewa yadda za a dogara da shi. Abin da Heaviside zai faɗa ke nan tun kafin a kunna komai. A 2007 James Randi, tsohon mai wasan rufa-ido da ya shahara wajen tona asirin masu da'awar abin mamaki, ya sa dala miliyan ɗaya ga duk wanda ya iya gane wayar kamfanin Pear mai dala 7,250 da kunne kawai. An yi ta musayar zafafan kalamai, gwajin dai bai yiwu ba, kowane ɓangare yana ɗora wa ɗaya laifi.

Duk wannan a zamanin analog ne, inda lantarkin da ke cikin waya shi ne hoton sautin kansa. Idan waya ta taɓa shi ko yaya, ta taɓa waƙar. Amma tun 1938 wani injiniya ɗan Ingila da ke aiki a Faris, Alec Reeves, ya yi rajistar wata dabara dabam: a riƙa auna sauti sau dubbai a daƙiƙa, a mayar da kowane awo lamba, a aika lambobin da sifili da ɗaya. Mai karɓa ba ya buƙatar siffar bugun ta iso da kyau, abin da yake so ya sani kawai sifili ne ko ɗaya. A 1948 Claude Shannon ya tabbatar da lissafi cewa ko layi yana da hayaniya ana iya aika saƙo ta cikinsa kusan ba kuskure, muddin ba a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba. Faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982 a kan wannan aka gina shi: awo 44,100 a daƙiƙa, kowane awo bit 16, da ƙarin lambobin gyara da ke iya cike gurbin ƙarzanen da ya kai wajen milimita 2 a jikin faifai.

A nan ya kamata mu ba masu kunnen zinare haƙƙinsu, domin akwai inda suka riga injiniyoyi da yawa ganin matsala. Lambobi kaɗai ba su isa ba, sai an mayar da kowacce sauti a daidai lokacinta. Idan agogon da ke ba da wannan lokaci yana rawa, ko da na ɗan ƙanƙanin ɓangaren daƙiƙa ne, sautin yana gurɓata. Hanyar da aka ƙirƙiro a shekarun 1980 don haɗa na'urar CD da akwatin da ke mayar da lambobi sauti, wadda ake kira S/PDIF, ta cusa agogon a cikin bugun saƙon kansa, kuma tafiyarta hanya ɗaya ce, ba tambaya ba amsa. Dole mai karɓa ya tsamo lokaci daga gefen kowane bugu. Idan waya ba ta dace da om 75 da aka ƙayyade ba, ko ta yi tsawo, gefen bugun yana dusashewa, agogo ya kama rawa. A 1992 Chris Dunn da Malcolm Hawksford na jami'ar Essex suka gabatar da takarda a taron ƙungiyar injiniyoyin sauti da ta nuna wannan rauni dalla-dalla. Wato a wancan tsari waya ta dijital tana iya taɓa sauti da gaske. Maganin da aka samo kuwa a cikin akwati yake: a tara lambobin a ma'ajiya, a sake jera su da agogo mai kyau da ke zaune kusa da inda ake mayar da su sauti.

Ana cikin haka, wata hanya tana girma a wani gida dabam da ba ruwansa da kiɗa. Ranar 22 ga Mayu 1973 Robert Metcalfe, ma'aikaci a cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto a Kalifoniya, ya rubuta takardar da ta haifi Ethernet, ya gina ta tare da David Boggs. Ya aro tunanin daga ALOHAnet, tsarin da jami'ar Hawai ta yi don haɗa kwamfutocin tsibiranta ta rediyo, inda saƙonni suke karo da juna suna ɓacewa kullum. Wannan asali shi ne jigon labarin. An gina Ethernet ne a kan rashin yarda da hanya. Tun farko an ɗauka cewa waya za ta yi kuskure, saboda haka aka shirya mata.

Ga yadda shirin yake. Ana yanka saƙo ƙunshi-ƙunshi, kowanne bai wuce bait 1,500 ba. A gindin kowane ƙunshi ana liƙa wata lamba mai bit 32 da aka lissafo daga abin da ke cikinsa. Mai karɓa ya sake lissafin da kansa. Idan bai yi daidai ba, ko da bit ɗaya ne ya juye, sai ya yar da ƙunshin gaba ɗaya. A samansa kuma akwai TCP, tsarin da Vint Cerf da Bob Kahn suka wallafa a 1974, wanda yake sa wa ƙunshi lambar jeri, ya jira a ce an karɓa, idan bai ji ba ya sake aikawa. Kamar ɗan kasuwar Kwari ne ya ba direba dila ashirin zuwa Maraɗi da takardar lissafi. Wanda ya karɓa zai ƙirga, in sha tara ya gani ya buga waya a sake turo ɗaya. Ko motar sabuwa ce ko akwala, atamfar da ke cikin dila ba ta sauya launi a hanya.

Maganar agogo kuma, wadda ta dami S/PDIF, a nan ba ta taso ba. Waƙar CD tana cin bit 1,411,200 a daƙiƙa. Layin gigabit, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a 1999, yana ɗaukar bit biliyan ɗaya a daƙiƙa. Waƙar minti huɗu sukutum tana iya ƙetare shi cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Na'urar kiɗa tana zuba abin da ya iso a ma'ajiya, ta riƙa ɗiba da nata agogon. Kamar tankin gida ne da 'yan garuwa suke cikawa: wani ya zo da sassafe, wani ya makara, amma muddin tanki bai ƙafe ba, ruwan famfo a tsaye yake zuba. Lokacin isowar ƙunshi ba shi da alaƙa da lokacin fitar sauti. Da yawa daga cikin irin waɗannan na'urori ma ana iya zare musu wayar ana tsakiyar waƙa, kiɗa ya ci gaba na wasu daƙiƙoƙi. Sai a tambayi mai wayar azurfa: a waɗannan daƙiƙoƙi, muryar wace waya ake ji?

Akwai abu na uku da ba a cika ambata ba. A bayan kowane ramin Ethernet akwai 'yan ƙananan taransifoma, kuma ƙa'ida ta wajabta su jure volt 1,500. Saƙo yana tsallakawa ta maganaɗisu, ƙarfen na'urar nan bai taɓa na waccan ba. Silin ciki kuwa tufkar nan ce ta Bell, wadda Ethernet ta koma kanta a 1990. An ƙayyade tsawo mita 100, kuma ƙa'idar gigabit ta ce kuskure kada ya wuce bit ɗaya cikin biliyan goma. Wanda ya kuskure ɗin ma ana kama shi.

Saboda haka lalacewar wannan tsari ba ta kama da ta analog. Ba ya dusashewa, tsayawa yake yi. Mun gani da idonmu ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Kodebuwa. Intanet ya yi ta sarƙewa a Najeriya da Gana da maƙwabtansu, manhajojin banki suka ƙi buɗewa. Amma ba wanda ya ce karatun da ya sauke a ranar muryar mai karatun ta yi kauri, ko kuɗin da ya tura sun isa da ragi. Ko ya iso daidai, ko bai iso ba. Kuma waƙar da ta ratso dubban kilomita na gilashin ƙasan teku, ta bi ta na'urori goma sha wani abu, da wuya a ce mita ɗayan ƙarshe ne zai gyara mata murya.

Masu sana'ar sauti, waɗanda abincinsu ke kan wannan, su suka fara gane amfanin abin. A da, daga dandamali zuwa teburin mai haɗa sauti sai an ja wata jibgegiyar waya mai sili da yawa, kowane makirfo da nasa, mutum biyu ko uku ke ɗaukarta. A 1996 kamfanin Peak Audio na Amurka ya fito da CobraNet, mai tura sauti ta Ethernet. A 2006 kamfanin Audinate na birnin Sidni a Ostireliya ya fito da Dante, wanda yake iya tura layin sauti har 512 ta waya ɗaya ta gigabit. A 2013 aka tsayar da ƙa'idar AES67 don kayan kamfanoni daban-daban su fahimci juna. A irin wannan aiki na kai-tsaye ba a jiran a sake aiko da ƙunshi, don jinkirin da aka yarda da shi bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba a yawancin lokaci. Abin da ake yi shi ne a daidaita agogon duk na'urorin ta cikin netwok ɗin da ƙa'idar IEEE 1588. Gidajen rediyo da filayen wasa da manyan ɗakunan taro a kan haka suke tafiya yau, kuma wayar da suke ja ita ce ta ofis, wadda ake saye a kwali. A ɓangaren gida ma, kamfanin Linn na Sikotland, wanda aka sani da tsadar kaya, ya fitar da na'urar kiɗa ta netwok a 2007, a ƙarshen 2009 kuma ya sanar da daina ƙera na'urar CD.

Da kiɗa ya koma netwok, sai masu sayar da waya suka bi shi da tsohon kirarinsu. A 2008 aka yi ta yi wa kamfanin Denon ba'a a kan wata waya mai kan netwok, mita ɗaya da rabi, dala 499. A Nuwamban 2014 hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya ta hana kamfanin Chord ci gaba da wani tallan wayar Ethernet, don ya kasa kawo hujjar cewa tana gyara sauti. A Yulin 2015 kafar Ars Technica da gidauniyar Randi suka gwada wayar AudioQuest mai dala 340 da wata mai dala biyu da rabi a gaban jama'a a Las Vegas, mafi yawan waɗanda suka saurara suka ce ba su ji bambanci ba. Mutanen da aka gwada kaɗan ne, wurin kuma ba ɗakin sauraro ba ne, saboda haka ba za mu ɗora wa gwajin nauyin da ya fi ƙarfinsa ba. Kibiyar nan ce ma ta fi ba mu mamaki. A layin gigabit tufka huɗu ce a cikin waya, kuma kowacce tana kai saƙo tana dawo da wani a lokaci guda. Ba a san inda kibiya za ta nuna ba a hanyar da ake tafiya gaba da baya tare.

To me ya sa mutane masu gaskiya suke rantsuwa sun ji bambanci? Saboda sun ji ɗin. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin Harman suka sa ma'aikatansu su ba lasifiku maki, sau ɗaya suna ganinsu, sau ɗaya a bayan labule. Da ana gani, manya masu ƙyalli da tsada suka yi gaba. Da aka saki labule, tazarar ta ragu ƙwarai, har wata ƙarama mai araha ta taso. Ƙwararrun cikinsu ma ba su tsira ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, a nan kam maganar ta faɗa daidai har ta wuce inda aka nufa da ita. A ƙara da cewa ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ainihin sauti fiye da 'yan daƙiƙoƙi, sauya waya kuwa yana cin minti guda, kuma ɗan ƙarin ƙara da bai kai a lura da shi ba kunne yana fassara shi da daɗi.

Hujja ɗaya ta rage wa masu wayar tsada wadda ta cancanci a saurara. Sun ce sun yarda lambobi suna isa daidai, amma hayaniyar lantarki tana iya bin waya ta shiga ɓangaren analog na na'ura. Wannan yana yiwuwa, musamman a na'urar da ba a ƙera da kyau ba. Sai dai abin dariyar shi ne, yawancin wayoyin tsadar suna da rigar ƙarfe da kan ƙarfe, kuma idan rigar ta haɗu da jikin na'ura a baki biyu, ta tsallake taransifomar nan da aka sa don raba su, ta buɗe wa ƙugin wuta hanya. Wayar ofis marar riga ba ta yin haka. Wanda abin ya dame shi ƙwarai yana iya sa zaren gilashi a tsakani, wanda lantarki ba ya bi sam, a kan kuɗin da bai kai na kan wayar azurfa ɗaya ba.

A wajenmu nan matsalar waya tana nan da ranta, amma ta irin ta Thomson ce. Lasifikar masallaci da aka ɗora a kan hasumiya da siririyar waya mai tsawon mita hamsin, ladan yana iya ƙoƙarinsa amma rabin ƙarfin ya tsaya a hanya. Maganinta waya mai kauri, ko amfilifaya mai layin volt 100 da taransifoma a gindin kowace lasifika, wanda don irin wannan nisa aka yi shi. Ƙugin da ake ji a wajen biki ko wa'azi da zarar an tayar da janareto, wutar da ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa ce ta samu hanya, yawanci ta wayar makirfo mai sili ɗaya ko ta rashin haɗa ƙasa yadda ya kamata. Wayar makirfo mai fil uku, jikar tufkar Bell, ita ke kashe shi.

Sai kuma jabu, wadda ta cika kasuwa: alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a bayansa, ana sayar da shi da sunan jan ƙarfe. Alminiyom kashi 61 cikin 100 kawai yake ɗauka na abin da jan ƙarfe ke ɗauka, yana karyewa a bakin kai, yana zafi idan aka tura wa kyamarar tsaro wuta ta cikinsa, kuma ƙa'idar wayar netwok ba ta amince da shi ba ko me aka buga a jikin kwali. Irin wannan ce take sa layin da ya kamata ya kai mita 100 ya fara yankewa tun bai kai ba. Kwalin mita 305 na gaske ya fi na jabu nauyi sosai a hannu. In ana shakka, a fere sili ɗaya a kankare shi da reza tun a gaban mai shago. Idan fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, alminiyom ne.